Cata ko ta gwamnati? Muhawara kan makarantun Sifaniyanci a Washington DC

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar makarantu a Washington DC. Yarinya ce za ta cika shekara uku a watan Yuni, Hausa ake yi mata a gida, Turanci kaɗan-kaɗan. Ana so ta shiga makarantar da ake koyar da darussa da Sifaniyanci, ba wadda ake koyar da shi awa ɗaya a mako ba. To ga na gwamnatin birni, ga kuma waɗanda ake kira cata. Wacce ta fi, kuma ta ina ake farawa?

Malam Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari a fara kawar da wani ruɗani da ke yawo: cata ba makarantar kuɗi ba ce. Ita ma da kuɗin haraji ake tafiyar da ita, ba a biyan ko sisi. Bambancin yana wajen wanda ke riƙe da linzami. Na gwamnati suna ƙarƙashin hukuma ɗaya, DCPS, wadda ke tsara manhaja, kalanda da ɗaukar malamai. Ita kuwa cata ƙungiya ce mai zaman kanta da kwamitin amintattunta, aka ba ta lasisi na shekara 15, ana sake duba aikinta duk shekara 5. Hukumar da ke ba da lasisin ita ce PCSB. Dokar da ta kawo su DC ta 1995 ce, kuma yau kusan rabin yaran makarantun gwamnati na birnin suna cata.

Ƙofa ɗaya ce ake bi ga duka biyun, wato shafin My School DC, inda na'ura ke raba kujeru ta hanyar ƙuri'a, wato sa'a. Ana buɗe shi a Disamba, a rufe na ƙananan azuzuwa a farkon Maris, sakamako ya fito ƙarshen Maris, a kammala rajista zuwa 1 ga Mayu. Kina da damar jera makarantu har 12. Sharaɗin shekaru: ajin PK3, wato na farko cikin azuzuwa biyu na kafin kindagatin, sai yaron da ya cika uku kafin 30 ga Satumba ta wuce, don haka 'yar Yuni ta shiga.

Abu ɗaya da ke kama mutane: haƙƙin shiga makarantar unguwa ba tare da ƙuri'a ba daga kindagatin yake farawa. PK3 da PK4, ko gidanki na jikin katangar makarantar, sai kin bi ƙuri'a, sai dai ana ba ki fifikon 'yar unguwa.

Baban Khalifa: Malam ya faɗi ƙa'ida, ni zan faɗi ra'ayi. Cata ta fi. Dalili ɗaya ya isa: hanyar gaba. Makarantun cata biyar ne suka haɗa kai suka kafa sakandare tasu, DC International School, da ake kira DCI, a 2014. Su ne DC Bilingual, LAMB, Mundo Verde, Elsie Whitlow Stokes da Yu Ying mai koyar da Sinanci. Tana tsohon filin asibitin sojoji na Walter Reed, daga aji 6 zuwa 12, kuma manhajar ƙasa da ƙasa da ake kira IB take bi ga kowane ɗalibi. Yaro ya shiga yana shekara uku, ya fita yana 18 bai rabu da harshen ba. Harshen da aka yanke wa yaro a aji biyar, kafin ya kai aji tara ya koma gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma.

Malamar Firamare: Yaya Baban Khalifa, a yi wa maganar nan gyara kafin wani ya gina gida a kanta. Yaran waɗannan makarantu biyar fifiko suke da shi a ƙuri'ar DCI, ba tabbacin kujera ba. Wasu daga cikin makarantun sun faɗaɗa, sun buɗe reshe na biyu, yaran da ke gama aji biyar sun ƙaru. Duk wanda zai zaɓi cata saboda DCI ya tambayi makarantar a rubuce: kujeru nawa aka ware muku a aji shida, yara nawa suka nema bara, nawa suka samu. Kuma ba cata kaɗai ke da hanyar gaba ba. Oyster-Adams ta gwamnati ce, tana kai yaro har aji takwas da harshe biyu, kuma tun 1971 take wannan aiki. Akwai MacFarland da Columbia Heights Education Campus a matakin tsakiya.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Tambayar da ta fi "cata ko gwamnati" nauyi ita ce wane tsari ake bi a cikin aji, kuma su wane ne yaran da ke zaune a ajin.

Tsari biyu ne manya. Na farko 90/10: a kindagatin kashi 90 na yini da Sifaniyanci, Turanci kashi 10, ana ƙara Turancin kowace shekara har su yi kunnen doki wajen aji huɗu ko biyar. A nan da Sifaniyanci ake fara koya wa yaro karatu. Na biyu 50/50 tun daga farko: ko dai safe harshe ɗaya yamma ɗaya, ko kwana-kwana, ko a raba darussa, lissafi da wannan, kimiyya da wancan. Akwai masu haɗawa, kamar Mundo Verde da aka sani da tsoma yara gaba ɗaya cikin Sifaniyanci a azuzuwan farko sannan a koma rabi da rabi.

Ga inda ake yaudarar kai. Yinin firamaren DCPS daga 8:45 zuwa 3:15 ne, awa shida da rabi. Cire cin abinci da hutun wasa, kusan awa ɗaya. Cire zane, kiɗa ko motsa jiki, minti 45, wanda sau da yawa da Turanci ake yi don malamin ba ya jin Sifaniyanci. Abin da ya rage a raba biyu, sai ki ga "rabin yini" ya koma awa biyu da 'yan mintuna. Don haka kada ki tambayi "kashi nawa". Ki ce a ba ki jadawalin aji ɗaya na ranar Talata, ki ƙirga mintunan da hannunki.

Injiniya: Malama, me ya sa kika ce su wane ne yaran ajin? Ai malami ne ke koyarwa.

Malamar Firamare: Malami baki ɗaya ne a cikin bakuna ashirin da wani abu. Yaro daga tsaransa yake ɗaukar harshe, wajen wasa, wajen rigimar abin wasa, a layin banɗaki. Shi ya sa masana tsarin harshe biyu suke cewa a yi ƙoƙari rabi da rabi, in ya gagara kada ɗayan ɓangaren ya gaza kashi ɗaya cikin uku. In ajin duk 'ya'yan masu Turanci ne, malama na juya baya sai Turanci, kuma yaran sukan ƙirƙiro wani Sifaniyanci nasu, suna kwafar kuskuren juna, musamman wajen jinsin suna da sarrafa aikatau.

Nan ne gwamnati ta fi cata a DC, kuma doka ce ta jawo. DCPS tana iya raba kujerun ƙananan azuzuwa gida biyu a ƙuri'a: yaran da Sifaniyanci ne ya fi ƙarfi a bakinsu, da sauran. Cata ba ta da wannan dama, don dokar birnin ta hana ta tantance yaro bisa harshen da yake magana. Duk wanda ƙuri'a ta ɗauko shi ne. Wata catar tana samun masu Sifaniyanci da yawa saboda unguwar da take da kuma 'yan'uwan da ke bin juna, wata kuwa ba ta samu. Unguwanni irin su Mount Pleasant, Columbia Heights, Petworth da Brightwood nan ne mutanen El Salvador da maƙwabtansu suka fi yawa, makarantar Bancroft ta gwamnati mai harshe biyu ma a Mount Pleasant take.

Baban Khalifa: Na karɓi gyaran DCI. Amma fifikon unguwa fa? Makarantun gwamnatin da kike yabo, wanda ba ya zaune a iyakarsu kuma ba ya cikin masu Sifaniyanci kusan kallo ne nasa. Hayar gida a Woodley Park, inda Oyster take, ba ta kowa ba ce. Cata ba ruwanta da unguwa, ɗan kudu maso gabas da ɗan arewa maso yamma lambarsu ɗaya a gaban na'ura. In kika tashi daga wannan unguwa zuwa waccan a cikin DC, kujerarki tana nan.

Malam Ɗan Zazzau: Wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da cata ta fi. Sai dai a lura, Oyster-Adams daga PK4 take farawa, don haka bana ba ta cikin lissafin 'yar shekara uku ko da kuwa tana unguwar.

Tunda an zo nan bari in bayyana yadda ƙuri'ar take aiki, don nan mutane suke cutar kansu da dabara. Na'ura tana ba kowane yaro lamba ɗaya tak, ita ce yake yawo da ita a duk makarantun da ya jera. Kowace makaranta tana jera masu nema bisa rukunin fifiko tukuna: wanda ɗan'uwansa ke ciki, ɗan unguwa in ta gwamnati ce, 'ya'yan ma'aikata a wasu cata, da fifikon yara masu ƙaramin ƙarfi a makarantun da suka karɓi tsarin. A cikin kowane rukuni sai lamba ta yi aiki. Makaranta ba ta fifita ki don kin sa ta a farko. Saboda haka dabarar "bari in sa mai sauƙin samu a sama" asara ce tsantsa. Dalili: in aka ba ki ta uku a jerinki, za ki zauna a layin jiran ta ɗaya da ta biyu kawai, duk na ƙasa an share su. Wanda ya sa mai sauƙi a lamba ɗaya ya samu, ya rufe wa kansa duk sauran ƙofofi. Ki jera su yadda zuciyarki take so, mafi soyuwa a sama, komai wahalar samunta, sannan ki tabbatar akwai biyu ko uku a ƙasa da za ki iya zama da su.

Shafin yana wallafa tarihin shekarun baya: kujeru nawa kowace makaranta ta fitar a kowane aji, mutum nawa suka shiga layin jira, nawa aka kira zuwa Oktoba. Ki duba na shekara uku a jere kafin ki cike komai. In makaranta ta fitar da kujeru kaɗan kuma 'yan'uwa suka cinye, kin san matsayinki.

Goggon Yara: Wani ya taɓa cewa a rubuta yaro a rukunin masu Sifaniyanci don layinsu ya fi gajarta.

Malam Ɗan Zazzau: Goggo, kada a kuskura. Ana gwada yaron kafin a tabbatar masa da kujera. In bai ji ba, kujerar ta tafi, kuma lokacin ƙuri'a ta wuce. Yarinyar da ke jin Hausa tana ɓangaren waɗanda ba masu Sifaniyanci ba, shi ke nan. Haka nan a kula da makarantun da ke da layi biyu a gini ɗaya, na harshe biyu da na Turanci zalla, kamar yadda aka san Marie Reed. A fom kowanne zaɓi ne daban. Mutum yana iya murnar ya samu makarantar, ashe layin Turanci ya danna.

Injiniya: Ni fa tambayata ta fi wannan zurfi. Yarinya Hausa a gida, Turanci bai zauna ba, ga Larabcin Islamiyya Asabar da Lahadi, yanzu a ɗora Sifaniyanci. Ba a yi wa jaki kaya ya wuce kima ba? Jarrabawar birni daga aji uku da Turanci ake yin ta.

Malamar Firamare: Tambaya ce mai kyau Injiniya, kuma amsarta biyu ce, ɗaya mai daɗi ɗaya mara daɗi.

Mai daɗin: Turanci ba ya cikin haɗari. Yana talabijin, yana titi, yana bakin maƙwabta. Binciken da cibiyar RAND ta yi a Portland ta jihar Oregon, wanda aka buga a 2017, ya kwatanta yaran da ƙuri'a ta ba kujerar harshe biyu da waɗanda suka nema ba su samu ba. Na farkon sun wuce a karatun Turanci da kimanin wata bakwai a aji biyar, wata tara a aji takwas, a lissafi da kimiyya kuwa ba a ga bambanci ba. Ƙarfin binciken shi ne duka ɓangarorin iyaye ne masu nema, ƙuri'a ce ta raba su, ba za a ce ai 'ya'yan masu himma ne kawai ba. Tsarin ma ba sabo ba ne, makarantar Coral Way a Miami ta fara shi a 1963, Kanada ta fara nata da Faransanci a 1965.

Amma ribar a ƙarshe take fitowa. A aji ɗaya da biyu, musamman a 90/10, yaro yakan yi kamar yana baya a karatun Turanci, yana rubuta kalmomin Turanci da ƙa'idar Sifaniyanci. Nan iyaye suke firgita su cire shi a aji biyu, kuma babu lokacin da ya fi wannan muni: ya biya kuɗin bai karɓi kayan ba. Masanin koyon harshe Jim Cummins ya daɗe da bambanta harshen hira, wanda ake samu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, da harshen karatu, wanda ke cin shekara biyar zuwa bakwai. Wanda bai shirya zama har aji biyar ba, ko yake tunanin komawa gida Najeriya ko Nijar nan da shekara biyu, gara ya nemi makarantar Turanci mai kyau.

Mara daɗin: harshen da zai sha wuya Hausa ce. Turanci yana da gari, Sifaniyanci yana da makaranta da maki, Larabci yana da malam da allo. Hausa ba ta da kowa sai iyaye. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya fara amsawa da Turanci, uwa ta gaji ta bi shi, cikin shekara biyu yana ji ba ya mayarwa. Maganin ba a makaranta yake ba. A tsayar da doka a gida: Hausa a wajen cin abinci da cikin mota, tatsuniya kafin barci, kiran kakanni ta bidiyo a ranar da aka tsayar, ba sai an tuna ba. Kada kuma iyaye su ce za su taimaka da Sifaniyancin da ba su iya ba. Ki karanta mata da Hausa ko Turanci minti ashirin kullum, ƙwarewar karatu tana tsallakawa daga harshe zuwa harshe.

Wani abin sha'awa, bakin Bahaushe ya fi na Ba'amurke dacewa da Sifaniyanci. Wasula biyar ne, a e i o u, kuma ana karanta su yadda aka rubuta, kamar bokonmu. Ra mai kaɗawa da ke ba 'ya'yan Turawa wahala muna da irinta. Ga kalmomin da suka aro daga Larabci zamanin Andalus, irin su azúcar, sukari ke nan, da aceite, wato mai, daga kalmar zait.

Ɗan Damagaram: Sannunku da ƙoƙari. Ga 'yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi, a tuna Stokes tana da layin Faransanci ban da na Sifaniyanci, kuma DCI tana ci gaba da shi. In iyaye suna jin Faransanci, suna iya duba aikin gida, ga dangi da za a yi magana da su, ga takardun makaranta in an koma Yamai ko Zinder. A ganina harshen da ke da mai tallafa masa a gida ya fi wanda ba shi da kowa, ko da Sifaniyanci ya fi kasuwa a Amurka.

Baban Khalifa: Ya fi kasuwa nesa ba kusa ba, ranka ya daɗe. Asibiti, kotu, gini, makaranta, ko'ina ana neman mai Sifaniyanci.

Ɗan Damagaram: Ban musa ba. Kowa da inda ya dosa.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. An ce akwai takardar da ake tambayar harshen gida. In an rubuta Hausa ba za a mayar da ita ajin marasa Turanci ba?

Malamar Firamare: Ki rubuta gaskiya 'yar'uwa. Duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnati, cata ko DCPS, dole ta ba da wannan takarda. In an ga wani harshe ban da Turanci sai a yi wa yaro ɗan gwaji. In ya nuna yana buƙatar tallafi, a rubuta shi cikin masu koyon Turanci, kuma daga kindagatin zai riƙa yin jarrabawar ACCESS duk shekara, ji, magana, karatu da rubutu, har ya kai makin fita. Ba aji daban ba ne, ƙarin taimako ne, kuma haƙƙi ne da ya samo tushe daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a shari'ar Lau da Nichols. Kina iya ƙin tallafin, amma jarrabawar shekara-shekara tana nan.

Tambayar da za ki yi ita ce: a wane lokaci ake ba da tallafin? In ana fitar da yaro daga darasin Sifaniyanci don a koya masa Turanci, an rage masa abin da ya zo nema. Ya kamata malamin tallafi ya shigo aji a lokacin Turanci. Ki kuma tambaya ko sun saba da yaran da harshensu na gida ba Turanci ba ne ba kuma Sifaniyanci ba. A DC akwai 'yan Habasha masu Amharik da yawa, makarantar da ta saba da su ta san yadda ake da mai harshe na uku.

Hajiya Nas: Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo. In ana zargin jinkirin magana, kada a yarda da "ai harsuna ne suka yi masa yawa, a jira". Cakuɗa harsuna a jimla ɗaya ba ciwo ba ne. Amma yaron da ko a Hausa bai haɗa kalma biyu ba bayan shekara biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, a duba kunne a kuma auna shi. Ƙasa da shekara uku shirin Strong Start ne, daga wajen shekara uku zuwa biyar cibiyar Early Stages, duka kyauta. Ki nemi tafinta, a auna shi har da Hausa, don in da Turanci kaɗai aka auna sakamakon ba zai nuna gaskiya ba.

Dokar IDEA, wato ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, ta hau kan cata kamar yadda ta hau kan DCPS, babu wadda za ta ce ba ta karɓar yaro mai IEP, wato rubutaccen tsarin tallafi da ake yi wa irin wannan yaro. Bambancin girma ne. Kowace cata a DC gundumar kanta ce a idon doka, ita za ta nemo mai gyaran magana da sauran ƙwararru, sau da yawa 'yan kwangila masu zuwa kwana ɗaya ko biyu a mako. DCPS tana da ma'aikata da azuzuwa na musamman da yawa, sai dai ajin da ya dace da yaron yana iya kasancewa a wata makarantar da ba ta harshe biyu ba.

Takardu kuma: shaidar lafiya ta birni da likita zai cike, ta haƙori, da katin rigakafi. A nemi ganin likita tun Afrilu, don a Agusta layi ya yi tsawo.

Malam Ɗan Zazzau: Sai batun malamai, wanda shi ne ke kashe shiri ko ya raya shi. Malamin da ya iya Sifaniyanci sosai kuma ya iya koyar da ƙananan yara tsada gare shi. Malaman DCPS suna da ƙungiyar ƙwadago da ma'aunin albashi, kuma sai da lasisin OSSE, ofishin da ke sa ido kan ilimi a birnin. Yawancin cata ba su da ƙungiya, ko da yake malaman Mundo Verde sun kafa tasu a 2019, kuma cata tana da sassauci wajen wanda za ta ɗauka. Sassaucin yana ba ta damar ɗaukar ƙwararre daga Kolombiya ko Sifaniya da sauri, yana kuma ba ta damar ɗaukar wanda bai taɓa riƙe aji ba. Masu zuwa da bizar J-1 shekara uku ake ba su, ana iya ƙarawa zuwa biyar, daga nan sai tafiya. Ranar ziyara ki yi tambaya uku: malaman Sifaniyanci nawa ne suka dawo bana cikin na bara, in malama ta tafi haihuwa wa ke riƙe ajin kuma da wane harshe, sannan da me kuke auna Sifaniyancin yara. In suka ce da jarrabawar STAMP ko AAPPL, ki ce wane mataki yawancin 'yan aji biyar suke kaiwa. Makarantar da ba ta auna harshen, ko take auna shi ba ta nuna wa iyaye, akwai abin da ba ta so a gani. Ki kuma tsaya a baranda minti biyar ki saurari yaran aji huɗu: da wane harshe suke amsa wa malama?

Cata tana iya rufewa. A Agustan 2024 wata, ba ta harshe biyu ba, ta rufe saboda matsalar kuɗi ana saura 'yan kwanaki a koma karatu. Rahoton kuɗi da na bitar kowace cata yana shafin PCSB, a karanta.

Goggon Yara: Duk kun yi ta ilimi kun manta da mota. DC ba ta da bas ɗin makaranta sai ga wasu yara masu buƙata ta musamman. Akwai katin hawa bas da jirgin ƙasa kyauta ga ɗalibai daga shekara biyar, amma 'yar shekara uku ai sai an kai ta. Ki gwada hanyar ranar aiki da ƙarfe takwas na safe, ba ranar Lahadi ba. Minti 35 zuwa, 35 dawowa, sau biyu a yini, ya haura awa biyu, kwana 180 a shekara, shekara takwas. Sannan kuɗin riƙon yara bayan tashi: ki tambayi farashi, ko ana rage wa mai ƙaramin albashi, ko akwai gurbi ma. Wasu cata suna tashi da wuri rana ɗaya a mako don horar da malamai, kuma hutunsu ba lallai ya zo ɗaya da na DCPS ba. Mai yara biyu a tsari biyu ya shiga uku.

Abinci ma a tambaya: akwai zaɓin mara nama kullum? In za a riƙa ɗaura mata daga gida, makarantu da yawa sun hana gyaɗa, to ban da ƙuli-ƙuli, ban da yajin tsire. Kuma a farkon Nuwamba makarantun Sifaniyanci da dama suna bikin tuna matattu na al'adar Meziko, ana shirya teburi da hotuna da furanni. Wanda bai natsu da shi ba ya yi wa malama magana tun Satumba cikin mutunci, a ba yaron wani aiki. Haka ranakun Sallah, a rubuta takarda tun kafin ranar.

Injiniya: Mu da ke Maryland fa? Ana iya amfani da adireshin ɗan'uwa?

Malam Ɗan Zazzau: A'a Injiniya. Ana tabbatar da zama a DC duk shekara: ko takardar albashi mai nuna harajin DC, ko biyu daga cikin lasisin tuƙi, rajistar mota, yarjejeniyar haya da rasit, takardar wuta ko ruwa da shaidar biya. OSSE tana bincike, wanda aka kama za a cire yaron a kuma bi shi kuɗin makaranta. Ba a tambayar takardun zama a ƙasa, wannan hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler ya rufe shi, amma adireshi ana tambaya. Ku nemi na gundumarku: Montgomery tana da Rock Creek Forest, Prince George's tana da César Chávez, a Arlington ta Virginia akwai Key da Claremont. Duka na gwamnati ne, kowace da ƙuri'arta da ranakunta, kuma galibi daga kindagatin suke farawa.

Maman Hanifa: To in sakamako ya fito aka ba ta ta shida a jeri, a karɓa ko a jira?

Malam Ɗan Zazzau: A karɓa, a kai takardu kafin 1 ga Mayu. Yin rajista a ta shida ba ya cire ta daga layin jiran biyar ɗin da ke sama. Layin yana motsi duk bazara har cikin Oktoba, don a ranar 5 ga Oktoba ake ƙirga ɗalibai kuma da wannan ƙirga ake biyan makarantu, kowace tana son cike kujerunta. Lambarki tana iya ja baya wani lokaci, in wani mai fifikon ɗan'uwa ya shigo, kada ki tsorata. In an kira ki kwanaki kaɗan ake bayarwa, don haka imel da lambar wayar da kika sa su zama waɗanda ake dubawa kullum, har akwatin tarkacen saƙonni. Mai tafiya gida hutun bazara ya bar wa wani amintacce kalmar sirrin shafin da kwafin takardun zama.

Malamar Firamare: Ƙari ɗaya. In bana ba a dace ba, a sake nema a PK4 da kindagatin, don a kindagatin aji yakan faɗaɗa, kujeru su ƙaru. Daga aji biyu zuwa sama ƙofa tana ƙuntata: DCPS tana gwada Sifaniyancin mai shigowa daga waje a manyan azuzuwa, wasu cata kuma suna daina ɗaukar sababbi. LAMB tsarin Montessori ce, yara 'yan shekara uku zuwa shida a aji ɗaya da malama ɗaya, don haka ita tun PK3 ya fi dacewa a neme ta. A Disamba ana taron baje kolin makarantu da ake kira EdFEST, ki je da jadawalin tambayoyinki a rubuce, ki karɓi ranakun ziyarar kowace makaranta a wurin.